BABI NA UKU: AINA ONABOLU, MAI ZANEN DA YA KOYA WA KANSA (1882–1963)

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin fasahohin da al'ummomin Nijeriya suka gada kaka da kakanni, irin su sassaƙa da ƙira da gini da saƙa, an kuma nuna cewa kowace daga cikinsu tana da gidan da ake koyonta da ubangidan da ake zama a gabansa. A wannan babi za a dubi tarihin mutumin da ya ɗauko wata fasaha wadda ba ta da gida, ba ta da ubangida a ƙasar nan a zamaninsa, wato zanen surar mutum da fensir da fenti a kan takarda ko ƙyalle bisa tsarin Turawa. Wannan mutum shi ne Aina Onabolu, wanda masana tarihin fasaha suke ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Nijeriya. Za a kawo yanayin da ya taso a ciki, da yadda ya koyi zane ba tare da malami ba, da salonsa, da kuma abin da ya bari. Manufar babin ita ce a nuna cewa salon da Onabolu ya zaɓa amsa ce ga wani gori da Turawan mulkin mallaka suka daɗe suna yi wa baƙar fata, kuma wannan amsa ita ta ba shi ƙarfi, ita ce kuma ta yi masa iyaka.

3.1 Yanayin da Ya Taso a Ciki

Turawan Ingila sun mallaki birnin Ikko, wato Legas, a shekarar 1861, amma ƙasar Ijebu da ke maƙwabtaka da shi ta ci gaba da riƙe kanta har tsawon shekara talatin bayan haka. Mutanen Ijebu su ne ke riƙe da hanyar ciniki tsakanin bakin teku da cikin ƙasar Yarabawa, kuma ba su yarda 'yan mishan ko 'yan kasuwar Turai su ratsa ƙasarsu yadda suka ga dama ba. A watan Mayu na 1892, zamanin Gwamna Gilbert Carter, sojojin Ingila suka ci Ijebu da yaƙi a Imagbon. Bayan wannan yaƙi ne ƙofa ta buɗe, 'yan mishan suka shiga, makarantu suka yawaita, littattafai da mujallu masu hotuna suka fara kai wa hannun yara.

Makarantun mishan na wannan lokaci karatu da rubutu da lissafi da addini suke koyarwa, domin bukatarsu ita ce su samar da akawu da tafinta da malamin makaranta da mai wa'azi. Inda aka ƙara wani abu, to aikin hannu ne irin su kafinta. Zane ba ya cikin manhaja. Dalilin haka bai tsaya ga rashin malamai kawai ba. Akwai ra'ayin da ya yi ƙarfi a tsakanin Turawa cewa baƙin mutum yana iya sassaƙa gunki ko saƙa tabarma, amma ba shi da basirar zana mutum ya fito da kamanninsa sak. Sir Hugh Clifford, wanda ya yi gwamnan Gold Coast, wato Ghana ta yau, daga 1912 zuwa 1919, sannan ya yi gwamnan Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, ya taɓa rubuta cewa an sha yi wa mutumin Afirka ta Yamma gorin bai taɓa sassaƙa mutum-mutumi ko zana hoto ko samar da adabi ba. Abin lura shi ne, ana wannan gori ne bayan sojojin Ingila sun kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Benin a 1897, sun kai su Turai an cika gidajen tarihi da su.

3.2 Haihuwarsa da Yadda Ya Koyi Zane

An haifi Aina Onabolu a garin Ijebu-Ode ranar 13 ga Satumba, 1882. Ke nan yana ɗan shekara tara da 'yan watanni aka ci garinsu da yaƙi. Ya yi karatun firamare a makarantar St. Saviour's da ke Ijebu-Ode, daga nan ya wuce Ikko ya shiga makarantar Caxton House. Tun yana ɗan kimanin shekara 12 ya fara kwaikwayon hotunan da yake gani a littattafan makaranta da na addini da mujallun da ake kawowa daga Ingila.

Domin a fahimci girman wannan al'amari, ya kamata a tuna yadda ake koyon sana'a a lokacin. A ƙasar Yarabawa yaron da zai zama masassaƙi yakan shekara da shekaru a gaban mahaifinsa ko ubangidansa, ya fara da wasa gizago da goge itace kafin a ba shi aikin kansa. Haka abin yake a ƙasar Hausa ga magina da maƙera da dukawa, shi ya sa ake cewa gado ba karambani ba. Onabolu kuwa bai gaji zane ba, kuma babu wanda zai zauna a gabansa. Shafin littafi shi ne ubangidansa, ido da hannu su ne kayan aikinsa.

Irin wannan koyo yana da abin da yake bayarwa, yana kuma da abin da ba ya iya bayarwa. Yawancin hotunan da ake bugawa a littattafai da mujallu a ƙarshen ƙarni na 19 baƙi da fari ne, kuma da yawa daga cikinsu da sirara-siraran layuka aka gina su. Inda layukan suka matsu da juna sai wuri ya yi duhu, inda suka warwatsu sai ya yi haske. Yaron da ya zauna yana kwafar irin wannan hoto dole ya gane cewa hanci ko kunci ko ninkin riga suna fitowa ne ta hanyar bambancin haske da inuwa. Dole kuma ya riƙa auna tazarar da ke tsakanin ido da ido, da tsakanin hanci da haɓa, in ba haka ba fuska ta karkace. To amma shafin littafi ba ya koyar da haɗa launi, ba ya nuna yadda ake dama fenti, ba ya kuma cewa ɗalibi ya yi kuskure. Waɗannan sai dai mutum ya gwada ya ɓata, ya sake gwadawa. Bugu da ƙari, kayan aikin kansu, wato takardar zane da buroshi da fentin ruwa da fentin mai, ba a yin su a ƙasar, sai an shigo da su ta jirgin ruwa daga Ingila.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi waɗannan. Duk fuskokin da littattafan nan suka koya masa fuskokin Turawa ne. Yadda haske yake sauka a kan baƙar fata, da irin launukan da za a haɗa domin a fito da ita da rai, babu littafin da ya tanadar masa. Wannan sashe na aikin da kansa ya gano shi, ta hanyar duban mutanen da ke kewaye da shi.

3.3 Zamansa a Ikko da Ayyukansa na Farko

Bayan ya gama makaranta, Onabolu ya kama aikin akawu a ma'aikatar gwamnati a Ikko, yana zane a lokacin da ya tashi daga aiki. Ikko ta wannan lokaci tana da rukunin 'yan boko baƙar fata masu ilimi da dukiya, likitoci da lauyoyi da limaman coci da manyan 'yan kasuwa, waɗanda da yawansu zuriyar mutanen da suka dawo daga Saliyo ne ko Brazil. Daga cikinsu akwai Dakta John Randle, likita kuma ɗan siyasa, wanda tare da Dakta Orisadipe Obasa suka kafa ƙungiyar People's Union a 1908. Randle ya zama majiɓincin Onabolu, kuma ta hanyarsa ne matashin ya sami shiga gidajen manyan gari.

Waɗannan mutane sun riga sun saba da hoton kyamara, domin masu ɗaukar hoto irin su George Da Costa da Walwin Holm suna aiki a Ikko tun kafin 1900. Amma hoton da aka zana da fenti yana da wata daraja ta daban, don kuwa irinsa ake ratayewa na gwamnoni da sarakunan Ingila a ofisoshin gwamnati. A 1906, yana ɗan shekara 24, Onabolu ya zana hoton Misis Spencer Savage, wanda ake lissafa shi cikin ayyuka na farko-farko da wani ɗan Afirka ta Yamma ya yi bisa wannan tsari. Daga baya ya zana Dakta Randle kansa, da Dakta Oguntola Sapara, da Bishop Isaac Oluwole, da wata mace a hoton da aka sani da sunan Sisi Nurse na 1922.

Idan aka dubi jerin waɗannan sunaye za a ga cewa ba da ka aka zaɓe su ba. A daidai lokacin da hotunan da Turawa ke bugawa game da Afirka suka fi nuna mutane tsirara ko 'yan dako ko masu rawa, Onabolu yana zana baƙin likita da baƙin bishop, kowanne da sunansa da suturarsa da kwarjininsa. Saboda haka kowane hoto yana ɗauke da hujja biyu: ga baƙin mutum wanda ya cancanci a zana shi, ga kuma baƙin mutum wanda ya iya zanawa. Hausawa na cewa gani ya kori ji.

3.4 Salonsa da Dabarunsa

Ana iya taƙaita salon Onabolu a kan ginshiƙai huɗu, kamar haka:

(a) Fifita fensir a kan buroshi. A wurinsa zanen layi shi ne tushe, fenti kuwa rufi ne. Wanda bai iya tsayar da sura da fensir ba, launi ba zai rufa masa asiri ba.

(b) Daidaiton gaɓɓai. Wato a san ƙirar jikin ɗan'adam, a san girman kai idan an gwada shi da tsawon jiki, a san inda kafaɗa da gwiwar hannu suke faɗawa ko da riga ta rufe su.

(c) Haske da inuwa. A yawancin hotunansa na mutane bayan hoton yakan zama marar hayaniya, haske ya sauka a kan fuska, domin idon mai kallo ya fara da ita.

(d) Dabarar nesa da kusa. Wannan ita ce hanyar da ake sa takarda mai shafi ɗaya ta nuna zurfi. Alal misali, wanda ya tsaya a tsakiyar hanyar jirgin ƙasa zai ga ƙarafan biyu kamar suna matsowa har su haɗu can nesa, alhali tazararsu ba ta sauya ba. Masu fasahar birnin Florence na ƙasar Italiya ne suka tsara ƙa'idojin wannan dabara a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti ya rubuta su a littafi a 1435. Onabolu ya riƙe wannan darasi da ƙarfi har ɗalibansa suka yi masa laƙabi da shi, suna kiransa Mr. Perspective.

Dukkan ginshiƙan nan huɗu abubuwa ne da ake iya aunawa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ba shi da malamin da zai yabe shi ko ya gyara masa. Ma'aunin da ya rage masa shi ne kamanni: ko hoto ya yi kama da mai shi, ko bai yi ba. Har ila yau shi ne ma'aunin da mai gori ba zai iya musantawa ba.

A nan akwai wani abin ban mamaki na tarihi. Shekara ɗaya bayan hoton Misis Spencer Savage, wato a 1907, Pablo Picasso ya yi shahararren zanensa na Les Demoiselles d'Avignon a birnin Paris, inda ake ganin tasirin fuskokin sassaƙa na Afirka a wasu daga cikin matan da ya zana. Ke nan a lokacin da masu zanen Turai suke gudun kamanni suna neman mafita a fasahar Afirka, ɗan Afirka yana ƙoƙarin mallakar kamannin da suke gudu. Kowane ɓangare yana neman abin da aka ce ba nasa ba ne.

3.5 Tafiya Turai Neman Takardar Shaida

Tun wajen 1915 Onabolu ya fara koyar da zane a wasu makarantun Ikko, yana kuma roƙon hukumar ilimi ta sa darasin a manhaja. Abin da ya tare masa hanya shi ne ba shi da takardar shaida. A tsarin mulkin mallaka, iyawa ba ta isa ta sa a ba mutum aji ba, sai da takarda. A 1920 ya baje kolin ayyukansa a Ikko, ya kuma buga wani ɗan littafi mai suna A Short Discourse on Art, inda ya bayyana fahimtarsa game da zane da tarihinsa da muhimmancinsa ga al'umma. A wannan shekara, yana da shekara 38, ya tafi Ingila ya shiga makarantar zane ta St. John's Wood a birnin Landan, ya kuma yi karatu a Académie Julian da ke Paris. Ya dawo gida a 1922 da difloma.

Ya kamata a lura cewa ya tafi ne bayan ya shafe fiye da shekara ashirin yana zane, kuma shekara 14 bayan hoton da ya fito da sunansa. Babu shakka ya ƙaru da abubuwan da shafin littafi bai ba shi ba, musamman zana mutum mai rai a aji a gaban malami, da ganin ayyukan magabata ido da ido a gidajen adana zane. Amma salonsa bai sauya ba. Paris ta 1920 cike take da sababbin salailai masu karya sura, shi kuwa ya dawo da abin da ya tafi da shi, sai dai ya ƙara goguwa. Wannan yana nuna cewa babbar bukatarsa a tafiyar ita ce mabuɗin ƙofar aji.

3.6 Koyarwa da Saɓaninsa da Kenneth Murray

Da dawowarsa sai ya shiga zagaya manyan makarantun Ikko yana koyarwa, ciki har da King's College da C.M.S. Grammar School da Methodist Boys' High School. Da aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya nemi gwamnati ta kawo wani malami daga Ingila. Sakamakon haka ne Kenneth Murray ya iso Nijeriya a 1927.

Sai dai malamin da aka kawo ya zo da ra'ayin da ya saɓa wa na wanda ya nemi a kawo shi. Murray yana ganin bai kamata a cusa wa yaran Afirka ƙa'idojin makarantun Turai ba, gara a bar su su zana rayuwar ƙauye da kasuwa da bukukuwa, su kuma koyi sassaƙa da ginin tukwane daga masu sana'ar gargajiya. A 1937 ya kai ayyukan ɗalibansa biyar, ciki har da Ben Enwonwu, aka nuna su a Zwemmer Gallery da ke Landan. A 1943 aka ba shi aikin kula da kayayyakin tarihi, kuma ƙoƙarinsa ne ya kai ga buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a Ikko a 1957.

Kowane daga cikin mutanen biyu yana da gaskiyarsa, yana kuma da rauninsa. A wurin Onabolu, hana ɗan Afirka ilimin nesa da kusa da na ƙirar jiki da sunan kare al'adarsa wata hanya ce ta tsare shi a inda Turawa suke son ganinsa. Rauninsa kuwa shi ne, a ƙoƙarin amsa gori ya karɓi ma'aunin mai gorin, har ya ɗauki sassaƙar gargajiya ta Yarabawa a matsayin aikin da bai nuna ba. Tarihi bai goyi bayansa a nan ba. A 1938 aka tono kawunan tagulla a unguwar Wunmonije da ke Ile-Ife, waɗanda aka yi ɗaruruwan shekaru kafin zuwan mulkin mallaka, kuma kamanninsu na ɗan'adam ya kai matuƙa. Ashe abin da ya je nema a littattafan Ingila, kakanninsa sun taɓa yin irinsa a ƙasar Yarabawa.

3.7 Tasirinsa

Tasirin Onabolu ya bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta misali. Akinola Lasekan, wanda aka haifa a Owo a 1916, shi ma da kansa ya fara koyon zane, ya bi tafarkin kamanni, ya kuma shahara da zanen barkwanci na siyasa a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. Hanya ta biyu ita ce ta makaranta. Shigar zane cikin manhajar sakandare ita ta samar da ɗaliban da suka bukaci babbar makaranta. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da harabarta ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Grillo ya taso a Ikko, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki darasi a wurin Onabolu. Matsayin ƙungiyar shi ne a ƙware a dabarun Turai, sannan a koma gida a ɗebo daga fasahar gargajiya a haɗa su, kamar yadda Okeke ya yi da zanen uli na ƙasar Ibo. Idan aka duba da kyau, wannan matsayi sulhu ne tsakanin Onabolu da Murray. Kuma ɗaliban sun sami damar yin wannan zaɓi ne domin wani ya riga ya amsa gorin kafin a haife su. Onabolu ya rasu a Ikko a watan Fabrairu na 1963, yana da shekara 80.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Aina Onabolu ya tashi a Ijebu-Ode bayan yaƙin 1892, ya koyi zane daga shafukan littattafai da mujallu, ya zana manyan mutanen Ikko, sannan ya tafi Turai yana ɗan shekara 38 domin samo takardar da za ta ba shi damar koyarwa. An nuna cewa dogaronsa ga kamanni da awo ya samo asali ne daga abubuwa biyu, wato rashin malami da kuma bukatar kawo hujjar da ba a musantawa. An kuma nuna cewa wannan dogaro ya hana shi ganin darajar fasahar da ya tarar a gida, gyaran da ya jira zuwan ɗaliban Zariya. A babi na gaba za a dubi ƙungiyar masu zane ta Zariya daga 1958 zuwa 1961, da yadda 'ya'yanta suka aiwatar da wannan haɗi a ayyukansu.